Kilo nawa ya kamata matashi ya ɗaga a benci? Kurakuran da ƙannenmu suka fi yi a wajen ƙarfe

Duk wajen ɗaga ƙarfen da ka leƙa a Kanon nan, daga jim ɗin masu kuɗi na Nasarawa GRA mai AC da madubi har zuwa na bayan layi a Kurna ko Dorayi inda aka zuba siminti a gwangwanin fenti, tambayar ɗaya ce, "kilo nawa kake bugawa a benci?" Wato ka kwanta rigingine a kan benci ka sauko da sanda mai nauyi kan ƙirji ka tura ta sama. Kuma amsar da kowane yaro yake so ya bayar ita ce ɗari. Yaro ɗan shekara 16, nauyinsa duka-duka bai kai kilo 60 ba, wata uku da fara zuwa, amma ya sa a ransa in bai ɗaga kilo 100 kafin ya gama SS3 ba to shi rago ne. Ƙannena, wannan ɗarin da kuka ƙwallafa wa rai ita ce uwar yawancin kurakuran da zan faɗa.

Bari in fara ba ku lambar tunda ita kuka zo ji. Ba a auna ƙarfin benci da kilo tsurarsa, ana auna shi ne da nauyin jikin mai ɗagawa. Saurayin da ya fara yau, sanda zalla mai kilo 20 ko a ɗan ƙara mata ta kai 30 zuwa 35, wannan daidai ne, babu abin kunya ko kaɗan, wasu ma sandar kawai sai ka ga hannu na rawa. In ya yi wata shida zuwa shekara yana zuwa ba fashi yana cin abinci, ya kai kashi uku cikin huɗu na nauyinsa, wato mai kilo 60 ya ɗaga 45, ya yi ƙoƙari. Ya ɗaga daidai nauyin jikinsa sau ɗaya mai kyau, wannan a ganina shi ne burin da ya dace da matashi, kuma yawanci aikin shekara ɗaya ne zuwa biyu. Wanda ya kai nauyinsa da rabi kafin ya cika 19 kuwa ba kowa ba ne, ko dai ya gaji ƙira ko ya daɗe yana yi a hannun koci. To yi lissafi da kanka, kilo 100 a wajen mai kilo 60 ya haura nauyinsa da rabi ma. Shi kuma abokinka mai kilo 95 da yake cika baki da 80, ko nauyin jikinsa bai ɗaga ba, kai mai 55 da ka ɗaga 55 ka fi shi, ko da a ido nasa ya fi cika sanda. 'Yan mata da suke yi a gida ko a jim ɗin mata, akwai sandar mata mai kilo 15, duk da a gasar benci mai 20 suke amfani da ita kamar maza, kuma wadda ta kai rabin nauyinta ta yi abin a yaba.

Sannan shekaru kansu ba sa faɗin komai sosai. Yara biyu 'yan 15 a aji ɗaya, ɗaya murya ta buɗe gemu ya fara tsirowa, ɗaya har yanzu fuskar yara, ba za su taɓa zama ɗaya a ƙarƙashin ƙarfe ba, saboda tsoka tana bin balaga ne. Mai dogon hannu ma yana shan wahala fiye da gajere mai faɗin ƙirji don tafiyar da sandarsa za ta yi ta fi nisa.

Kuskuren da ya fi ba ni dariya shi ne mutane da yawa ba su ma san nawa suke ɗagawa ba. A jim ɗin unguwa an samo giyar mota da ƙarafan inji daga Ƙofar Ruwa, mai walda ya haɗa, an zuba siminti a bokiti, wani ya ɗauki fenti ya rubuta 30 a jiki, shikenan ya zama 30 har abada, babu wanda ya taɓa ɗora shi a sikeli. Sandar ma bututun ruwa ce wadda ba ta fi kilo 7 ko 8 ba amma ana ƙirga ta 20 saboda an ji ana cewa sanda 20 ce. Sandar da take 20 ɗin ita ce irin ta gasa, mai tsawon mita 2.2 mai kaurin baki. Akwai kuma farantin ƙarfe na gwanjo da ake zurawa a sanda, an rubuta 45 a jiki, wannan fam ne na Amurka, kilo 20 ne da 'yan kai. Yaro zai sa ɗaya nan ɗaya can ya ce 45 da 45 da sanda 110 kenan, ya je yana ba da labari a majalisa, alhali 61 ya ɗaga. Haka in ka ga ɗan Amurka a TikTok ya rubuta 225, fam ne, wato kilo 102, 315 kuma 143. Maganin wannan mai sauƙi ne, ku ari sikelin 'yan gwangwan ko na mai sayar da hatsi rana ɗaya, ku auna kowane ƙarfe da sandar, ku goge tsohon rubutu ku sa na gaskiya. Za a yi ɓacin rai ranar, amma sau da yawa za ku gano ɓangare ɗaya ya fi ɗaya nauyi da kilo biyu ko uku, kuma shi ne dalilin da kafaɗar wani take ciwo gefe ɗaya.

Sai kuma ita kanta ɗagawar. Na sha tsayawa ina kallo, yaro ya kwanta, an ciro masa sanda, ya sake ta ta faɗo ta daki ƙashin ƙirjinsa ta yi tsalle, mazaunai sun tashi daga benci kusan taƙi guda, ƙafa na harbin iska, shi kuma wanda ya tsaya masa a kai ya riƙe sandar da hannu biyu jijiyar wuyansa ta fito raɗa-raɗa yana ja yana ihu "kai kaɗai ne! ban taɓa ba wallahi!" Ana ajiyewa a tafa a ce ya buga 80. Bai buga ba, su biyu suka buga. Wani kuma rabin hanya yake saukowa ya koma. A dokar gasa ta IPF, hukumar duniya ta wannan wasan, sai sanda ta sauka ta tsaya cak a ƙirji, alƙali ya ba da umarni sannan ka tura, kai da kafaɗu da mazaunai suna manne da benci, tafin ƙafa a ƙasa, kuma tazarar hannu biyu ba ta wuce santimita 81. Ku nemi bidiyon 'yan Najeriya masu buƙata ta musamman ku gani, su a gasarsu ta Paralympics wasan ƙarfen gaba ɗaya benci ne. Yakubu Adesokan a ajin kilo 48 ya ɗaga 180 a Landan a 2012, Folashade Oluwafemiayo ta ɗaga 167 a Faris a 2024, dukkansu zinare. Ba na kawo su don ka gwada kanka da su ba, manya ne da suka yi shekaru a kai, abin da nake so ka kalla shi ne yadda sandar take sauka a hankali ta tsaya kafin ta tashi. Ka rage kilo 10 ko 15 daga abin da kake taƙama da shi ka yi irin wannan, lambar da ta fito ita ce taka.

Game da kwanciyar, abu uku zuwa huɗu ne. Ka matse allunan kafaɗarka baya ka danna su ƙasa kafin ka ciro sanda, ƙirji ya ɗan taso. Kada ka baje gwiwar hannu ta yi layi ɗaya da kafaɗa, wannan ne yake cin kafaɗar mutane, ka ɗan jawo su kusa da haƙarƙari, sandar ta sauka wajen ƙasan ƙirji ba kan wuya ba. Sandar ta zauna a gindin tafin hannu saitin ƙashin hannu, kada wuyan hannu ya karye baya. Ka ja numfashi ka cika ciki kafin ka sauko.

Amma wanda ba na wasa da shi shi ne babban yatsa. Akwai wani yayi da ake yi na riƙe sanda ba tare da an zagaye ta da babban yatsa ba, wai ya fi kama ƙirji. Dan Allah ku bari. A zafin Afrilu da Mayu na Kano, tafin hannu sharkaf da gumi, sanda bututu ce mai santsi, in ta zame babu abin da zai tare ta, kan haƙarƙari ko maƙogwaro za ta sauka, kuma ko mai tsaya maka yana nan ba zai riga ta ba. Benci shi ne wasan ƙarfen da ya fi saurin kashe mutum in yana shi kaɗai, saboda kana ƙarƙashi ne ba wajen gudu. Kada ka yi mai nauyi kai kaɗai a soro ko a ɗaki ka kulle ƙofa don kada Baba ya gani. In dole ce ta sa babu kowa, to kada ka ɗaure bakin sandar, don in ta fi ƙarfinka ka karkata gefe farantan su zube, kuma ka tsaya tun da sauran ƙarfin ɗagawa biyu a jikinka. In bencin naku na walda ne ku biya mai walda ya ƙara ƙarafan tsaro biyu a gefe, tsayinsu ya ɗan gaza ƙirjinka amma ya fi wuyanka. Mai tsayawa kuma ya ajiye waya.

Wani kuskuren, gwada ƙarshen ƙarfi kullum. Litinin a gwada, Laraba a gwada, Juma'a bayan masallaci a sake gwadawa saboda abokai sun taru. Gwaji ba ya gina komai. Abin da yake ginawa shi ne nauyin da za ka iya yi sau 6 zuwa 10 da kyau, zagaye uku ko huɗu, sau biyu a sati, in ya yi yawa uku. In kana son sanin ƙarshenka ba sai ka sa wuyanka a haɗari ba, akwai lissafin Epley: ka raba yawan ɗagawar da 30, ka ƙara 1, ka ninka da nauyin. Wanda ya yi kilo 50 sau 8, ƙarshensa yana wajen 63. Kiyasi ne amma ya isa. Ƙari kuma kaɗan-kaɗan, kilo 2.5 gaba ɗaya, wato 1.25 kowane gefe, matsalar ita ce jim ɗinmu ƙaramin faranti shi ne 5 ko 10, sai yaro ya yi tsalle daga 40 zuwa 60 ya maƙale wata uku yana zargin jikinsa. Ku sa a yanka muku ƙananan ƙarafa a auna. Kuma ka sani ƙarin nan na kowane sati na watannin farko ne kawai, da zai ɗore ai da a shekara ka ƙara kilo 130. In ya tsaya, ka rage kamar kashi goma cikin ɗari ka sake hawa a hankali.

Ɗumama jiki ma ana tsallakewa, musamman da sanyin Disamba da asuba. Sanda zalla sau goma sha, sannan a hau mataki-mataki.

Ƙirji kullum, baya da ƙafa ko oho, wannan ma ciwo ne. Sai ka ga kafaɗu sun zubo gaba, ƙafafu kamar sillen kara. Duk turawar da ka yi ka yi jan da ya kai ta, ka ja jikinka sama a ƙarfe, ka yi jan nauyi zuwa ciki, ka yi tsugunno. Bayan ne shimfiɗar da kake turawa a kai.

Abinci da barci, a nan yawancin kilo suke ɓacewa. Yaro ya sha koko da safe, ya wuni makaranta da lesin, ya je ya ɗaga ƙarfe, ya dawo ya ci taliyar leda ɗaya, ya kwana a waya har ƙarfe biyu, sannan yana tambayar wane garin furotin zai saya. Matashi yana buƙatar barcin awa 8 zuwa 10. Furotin kuma wajen giram 1.6 ne a kowane kilo na jiki ga mai ɗaga ƙarfe, mai kilo 60 kusan giram 95 kenan a rana, ƙwai ɗaya yana da kamar 6. Wake da shinkafa, awara, ƙosai, alala, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, kifi, kindirmo, fura da nono, duk suna bakin layinku kuma sun fi garin roba arha. Da azumi ko lokacin WAEC in lambarka ta ɗan sauka ba komai, tana dawowa, da azumi ka mayar da shi bayan shan ruwa ka rage yawa.

Iyaye kuma na san abin da suke cewa, ƙarfe yana hana tsawo. Likitocin yara da suka yi nazarin abin ba su ga haka ba in ana yi da tsari da mai kulawa, abin tsoron shi ne mummunan rauni a bakin ƙashi inda yake girma, kuma ganganci da nauyin da ya fi ƙarfi ne suke kawo shi. Abin da yake tsayar da tsawo da gaske shi ne allurar sitiroyid da wani zai kira ka gefe ya ce zai haɗa ka da ita. Tana iya rufe wajen girman ƙashin tun lokaci bai yi ba, ta fito wa namiji da nono, ta ƙanƙantar da maraina, ta taɓa hanta da zuciya. Ƙwayar Dexa da wasu suke sha don su cika kuwa ba ta gina tsoka, cinye ta ma take yi, kumburi ne da ruwa. Tiramol kafin benci kuma ya fi duka wauta, don ciwon da ya kamata ya ce maka tsaya shi ta kashe.

Ciwon ma iri biyu ne. Tsamin jiki na kwana ɗaya zuwa uku bayan motsa jiki, wannan kowa yana yi. Amma suka mai kaifi a gaban kafaɗa duk lokacin da sanda ta sauko, ko wuyan hannu ya kumbura, ko ka ji wani abu ya yi ɓas a gefen ƙirji wajen hammata sannan wajen ya yi baƙi-baƙi ya canza siffa, to ajiye ƙarfen ranar. Na ƙarshen nan yana iya zama tsokar ƙirji ce ta yage, kuma irin wannan in aiki za a yi an fi son a yi shi da wuri, saboda haka kada a tsaya shafa man zafi ko a kai ka wajen mai ɗori ya ja, ka faɗa wa su Baba gaskiyar abin da ya faru a wuce Asibitin Ƙashi na Dala a duba.