Yadda zaka kama gurbin hawa lilo a manyan wuraren wasa, da maganar kayan wasan nan masu amsa maka

Duk wanda ya taɓa shiga manyan wuraren wasan nan irin su Disney ko Universal yasan ba kuɗin tikiti ne kaɗai ke cin rai ba, layi ne. Lilon da hawansa bai fi minti uku ba sai kaga an rubuta minti 90 a bakin ƙofa, ga rana ga yara na ta "yaushe zamu hau", kafin ka ankara yamma tayi abu huɗu kacal kuka hau. Toh shi yasa aka kawo tsarin kama gurbi, wato maimakon ka tsaya da ƙafarka sai a baka lokaci ka tafi yawonka, in lokacin yayi ka dawo ka bi ta wata ƙofa daban mai gajeren layi.

Yadda abun yake aiki ba wani siddabaru bane. Kowane lilo an san adadin mutanen da yake ɗauka a awa ɗaya, sai a ware wani kaso a ce na masu gurbi ne, a raba shi awa awa. In na ƙarfe 10 ya cika sai a koma bada na 11, a haka har na yinin ya ƙare. Kaga kenan lilon da kowa ke rububi gurbinsa zai iya ƙarewa tun kana karin kumallo.

Abu na farko da zan ja kunnenka a kai, duk shawarar da ka gani ko aka baka ka tambayi shekararta, dan tsarin nan canzawa yake kamar hawainiya. Disney sun fara da FastPass a 1999, lokacin takarda ce, ka zura tikitinka a inji ya tofo maka ƴar takarda mai lokaci, kuma kyauta. Wajen 2013 aka fara mayar da shi cikin waya da abun ɗaurawa a hannu mai suna MagicBand. Bayan korona a 2021 aka kashe na kyautar aka kawo Lightning Lane na kuɗi, sannan a Yulin 2024 aka sake masa fasali a Walt Disney World dake Florida ya zama Multi Pass da Single Pass. Dan haka in wani yace maka "ai kyauta ne kawai kaje inji ka cira", ba ƙarya yayi ba, labarin da ne yake baka.

Aikin tun daga gida yake farawa. Ka sauke manhajar wurin a wayarka, ta Disney World sunanta My Disney Experience, ka buɗe akawun, ka haɗa tikitin KOWA da kowa da zaku tafi tare a ciki, ka saka katin banki ka tabbatar ya karɓa. Wannan haɗa tikitin shine inda mutane suka fi faɗuwa, sai ranar kamun gurbi tazo uba ya samu ƙarfe 10 amma sunan uwar yara bai fito ba, kafin a gyara gurbin ya tafi. Mutum ɗaya ya kamata ya riƙe ragamar, in kowa na danna tasa wayar zaku tashi da lokuta mabambanta. Sannan ka auna tsayin yaranka da takalmi a ƙafa, dan lilon Space Mountain na Magic Kingdom, ɗaya daga filayen Disney World, sai yaro ya kai santimita 112, TRON kuma 122, kuma ma'aikatan nan basa jin magiya ko kaɗan, yatsa ɗaya ya rage sai su ce a'a cikin murmushi. Kar ka ɓata gurbi akan abun da za'a juyo da yaro yana kuka.

A Disney World ɗin, wanda ya sauka a otal ɗinsu ana buɗe masa kamu saura kwana 7, sauran jama'a saura kwana 3, kuma ƙarfe 7 na safe ake buɗewa agogon gabashin Amurka, ka lissafa da agogon inda kake. Da Multi Pass zaka kama guda uku a gaba, kowanne da tazarar awa ɗaya da zaka iya zuwa a cikinta. A uku daga cikin filayensu huɗu an kasa lilon gida biyu, manya da ƙanana, daga manyan ɗaya tal zaka ɗauka da farko. Sai kuma ƴan gaban goshin, irin su Rise of the Resistance da Flight of Passage, su basa cikin wannan kwandon sam, kowanne da kuɗinsa daban, shine Single Pass ɗin. Farashin ma ba a tsaye yake ba, ranar hutu da cunkoso yafi tsada.

Yanzu ga inda dabarar take, kuma in baka riƙe komai ba ka riƙe wannan. Ka saka gurbinka na farko da sassafe iya yadda zaka iya. Dalili kuwa da zarar ka taɓa wayarka ko tikitinka a na'urar bakin ƙofa ka shiga na farkon, tsarin zai buɗe maka damar kama wani sabo, kuma wancan shingen na manya da ƙanana ya faɗi. Wanda ya jera ukunsa ƙarfe 3 da 4 da 5 na yamma wai dan lokacin ne layi yafi tsawo, ya ɗaure kansa ne da hannunsa, yini guda yana riƙe da uku, lokacin da zai samu damar na huɗu an gama wawashe komai. Shi kuwa wanda ya shiga na farko ƙarfe 9 da rabi tun yana cikin layin yake kama na gaba, kuma da haka zai yi ta juyawa har dare. Ni a ganina ma kar ka jira ka sauko, kana wuce na'urar taɓawa ka ciro waya.

In ka duba baka ga lokacin da kake so ba kar ka haƙura da duba ɗaya, ka ja shafin ƙasa ya sabunta sau da yawa, mutane na sokewa suna canzawa kowane minti, abun da babu yanzu zai iya faɗowa bayan daƙiƙa talatin. Amma fa kar ya zama ka yini kai a sunkuye, naga iyaye da yawa yaro na nuna musu abu yana tsalle su kuma ido na kan waya, ka ware minti biyu uku in bai fito ba ka ɗauki wanda ya samu.

Ka kuma riƙa kallon taswira kafin ka danna. Wuraren nan faɗi garesu, filin Disney na EPCOT kaɗai zagaya tafkinsa ya isheka motsa jiki na yini, in ka kama ɗaya a gabas ɗaya a yamma a jere lokacin da ka tsira daga layi ƙafa ce zata biya shi. Kuma kar ka kashe gurbi akan wasan kwaikwayo na babban zaure da yake kwashe ɗaruruwan mutane a tashi ɗaya, wannan ko ba gurbi zaka samu kujera. In kuma lilon ya lalace ko aka tsayar saboda tsawa a lokacinka, wanda a Florida a watannin zafi kusan kullum sai hadari ya taso da la'asar, yawanci ana mayar maka da gurbin ya zama na shiga wani, ka duba manhajar kafin ka fara faɗa da kowa.

Akwai wani tsarin daban da mutane ke rikitawa da wannan, layin cikin waya. Shi kyauta ne, an fi amfani dashi in an buɗe sabon lilo, kamar yadda akayi da Rise of the Resistance a ƙarshen 2019. Ba lokaci ake baka ba lambar rukuni ce, ka jira a kira lambarku. Disney sun saba buɗewa ƙarfe 7 na safe da ƙarfe 1 na rana, kuma a daƙiƙu yake ƙarewa, dan haka saura minti biyar ka tabbatar da sunayen ƴan tawagarka, ka samu inda intanet ke da ƙarfi, agogo na bugawa ka danna ba tare da tsayawa karatu ba. A Universal na Osaka a Japan kuma ranar cunkoso shiga ɓangaren Super Nintendo World ɗin ma kansa sai da tikitin lokaci, kana shiga ƙofa shi zaka fara nema.

Na Universal mai suna Express yafi sauƙin kai, babu kama lokaci, ka siya kawai ka riƙa bin gajeren layi, akwai na sau ɗaya a kowane lilo akwai na ba iyaka. Tsada ce dai. A Orlando otal uku ne, Portofino Bay da Hard Rock da Royal Pacific, suke haɗa maka dashi cikin kuɗin ɗaki, amma na tsofaffin filayensu biyu, Universal Studios Florida da Islands of Adventure, in kuna da yawa ka zauna da kalkuleta, wani sa'in otal mai tsadar shine mai arahar. Sai hanyoyi biyu da ba'a biyan ko sisi, layin mai hawa shi kaɗai inda ake cike gurbin kujera da kai in baka damu a rabaku ba, da kuma musayar mai riƙon yaro, ɗaya ya hau ɗaya ya tsaya da ƙaramin, in ya sauko ɗayan ya shiga ba sai ya sake layi daga farko ba. Ka faɗawa ma'aikacin bakin ƙofa tun kafin ku shiga.

Toh sai maganar kayan wasa. Ba yau aka fara ba, tun 2003 Disney suka fito da Pal Mickey, ƴar tsana mai na'ura a hanci da take karɓar saƙo daga wasu na'urori da aka ɓoye a filin, tayi dariya ta girgiza, in ka matsa ta ta baka labarin inda kake tsaye, an daina sayar da ita a 2008. Na yanzu sun fi wayo amma tunanin ɗaya ne, filin ya san kazo ya amsa maka.

Sandar tsafin ɓangaren Harry Potter a Universal, wadda ta fara aiki a 2014, ita tafi ba mutane wahala kuma laifin hannu ne. Asalin samfurin ko batir babu a ciki, ɗan ƙwallon dake bakinta ne ke mayar da wani haske da ido baya gani, kyamara a cikin tagar shagon tana bin motsinsa. Tana zuwa da taswira, a ƙasa kuma zaka ga tambarin tagulla da zanen yadda zaka juya. Ka tsaya akan tambarin daidai, ka fuskanci inda ya nuna, ka nemi ƴan ƙananan jajayen fitilu a tagar ka saita can, sannan kayi zanen ƙarami a hankali da wuyan hannu kawai. Yara sukan wurga hannu gaba ɗaya kamar masu korar ƙuda, kyamarar sai ta ɓace musu. In yaro gajere ne ya ɗan ɗaga sandar ko ka ɗauke shi, in anyi sau uku bai yi ba galibi akwai ma'aikaci a kusa da zai gyara masa riƙo. Kuma ka tabbatar mai aikin ka siya, dan akwai ta ado zalla da ba zata motsa komai ba.

Power-Up Band na Super Nintendo World, da aka buɗe a Osaka 2021, Hollywood 2023, Orlando 2025, shi a hannu ake maƙalawa. A bayansa akwai lambar da zaka haska da manhaja, kayi wannan tun a shagon. Daga nan yaro ya riƙa dukan bulullukan nan masu alamar tambaya daga ƙasa da fuskar abun hannun yana tara kwabbai, a hankali fa, taɓawa ta isa ba sai ya fasa hannu ba. Akwai ƙananan wasanni da ake cin makulli, in aka tara uku sai a shiga babban karon ƙarshe. Gaskiya a ɓangaren nan in babu shi rabin abun kallo kawai zakayi. Sanda yara uku zasu iya karɓa-karɓa da guda ɗaya lafiya lau, amma wannan maki na shiga na wanda aka taɓa ne, in ɗaya ka siya wa yara biyu ka shirya raba rigima.

MagicBand+ na 2022 shi kuma caji ake masa, yana haske yana girgiza lokacin wasan wuta na dare, in ka ɗaga wa wasu gumaka masu launin zinare hannu su yi sauti, kuma dashi zaka taɓa ka shiga gurbinka ba sai ka ciro waya ba. Yana da daɗi amma ba dole bane, waya ko katin tikiti na yin aikin shiga. Ka caja shi da dare, in ya mutu shigar zata yi amma wasan ba zai yi ba. Mutum-mutumin da ake haɗawa a Droid Depot, wani shago a ɓangaren Star Wars na Disney, kuwa yana juya kai yana ƙara in kuna yawo a ɓangarensa, sai dai ba'a barinka ka tuƙa shi a ƙasa cikin jama'a, rungumarsa zakayi yini guda, ni da zan bada shawara a barshi sai dab da fita.

Inda abubuwan biyu suke haɗuwa shine tazarar dake tsakanin gurbi da gurbi. Minti arba'in ɗin nan da bai isa wani dogon layi ba kuma yayi yawa a zauna, nan ne sanda ko abun hannu ke biyan kuɗinsa, dan haka ka kama gurbin da yake kusa da inda ake wasan. Sai dai suma wuraren taɓawar suna tara layi da tsakar rana, da safe ko bayan faɗuwar rana sun fi sarari, sandar ma tafi jin magana in ba rana tsaka.

Ka tafi da fawa bank da wayar caji, manhajar nan da taswira a kunne kafin azahar ta shanye batir, kuma ka ɗauki hoton lokutanka ko intanet zai ɗauke. A wasu lilon Universal masu gudu kamar VelociCoaster ba'a hawa da komai a aljihu, har na'urar gano ƙarfe ake bi, waya da sanda duk sai a loka, wato akwatin ajiya, ka ƙara minti goma na wannan a lissafinka. Sandar ka mayar da ita kwalinta kafin ka tura a lokar, dan in bakin ya karce kyamara ta daina ganinta, in hakan ta faru ka kaita shagon da ake sayarwa su duba maka.