Kafin ka sai wayar Linux, karanta wannan

Salam 'yan uwa. Masu tambaya kan PinePhone da Librem 5, wayoyin da ke aiki da tsarin Linux maimakon Android, saboda tsare sirri, shawarata ita ce kar ka kuskura ka sai da wayarka ta Android tukuna.

Gaskiya wajen sirri sun yi ƙoƙari, PinePhone in ka ɓalle murfin baya za ka ga 'yan makunnai guda 6 ƙanana, da tsinke ake turasu, ka kashe kyamara ko makirfo ko layin gaba ɗaya. Amma fa babu WhatsApp nata na kanta, sai ka bi ta Waydroid, wato manhajar da ke buɗe manhajojin Android a kan Linux, shi ma yau ya yi gobe ya ƙi, manhajar banki kuwa yawanci ba ta tashi, ga cin caji kamar me, kuma kun san yadda wuta take a Gusau.

Abu ɗaya mai daɗi, batirin Samsung J7 na 2015 yana shiga PinePhone, nemi guda wajen masu gyara ka ajiye.

In gwaji kake so kawai, samu wayar Google Pixel 3a ta hannu ka ɗora mata Ubuntu Touch, wani tsarin Linux na waya, layin kasuwancinka kuma barshi inda yake.