Yadda ake dafa miyar kabewar 'yancin Haiti

A ƙasar Haiti, wadda ke yammacin tsibirin Hisfaniyola a yankin Karibiyan, da wuya ki shiga gida ranar 1 ga Janairu ba ki tarar da tukunyar miyar kabewa a kan wuta ba. Da harshensu na Kiriyol suna ce mata "soup joumou". Mutanen ƙasar na ba da labarin cewa a zamanin bauta bayi ne ke dafa wa Faransawa ita, su kuwa ko ɗanɗanawa an hana su. Da jagoran yaƙin 'yanci Jean-Jacques Dessalines ya ayyana 'yancin ƙasar a garin Gonaïves ranar 1 ga Janairun 1804, sai ta zama abincin kowa. A 2021 hukumar UNESCO ta sa ta cikin jerin al'adun gargajiya na duniya.

Uwargida, ki fara da nama tun daren jiya. Ki samu kilo ɗaya na naman sa mai ƙashi da ɓargo, ki goge shi da lemun tsami ki ɗauraye. Sai ki daka haɗin da suke kira "epis": tafarnuwa, lawashi, tattasai, fasili, tayim, kanumfari da gishiri. Ki cuɗe naman da shi ya kwana a firij. A nan daɗin miyar yake. Wadda ta yi gaggawa a wannan mataki, ruwan kabewa kawai za ta sha.

Da safe ki soya naman sama-sama a ɗan mai, ki zuba ruwa ya rufe shi, ki bar shi ya yi laushi. A wata tukunya ki dafa kabewa kamar kilo ɗaya, ki fi son ja mai gari, ba mai ruwa ba. In ta nuna, ki markaɗa ta da ruwanta ki juye a kan naman.

Yanzu dankalin turawa da karas su shiga, bayan minti 10 kabeji ya biyo baya. Ki jefa attarugu guda ɗaya sukutum, kada ki yanka shi, kada kuma ki bari ya fashe. Ƙamshinsa ake so ba zafinsa ba, abin da ya ɗan yi wa masu son yaji irina wuyar haƙuri.

Taliya ce ƙarshe: ki kakkarya dunƙule ɗaya ki zuba, ki riƙa juyawa don kabewa na saurin kamu. In ta yi kauri ki ƙara ruwan zafi, domin ba irin miyar taushe ba ce da ake ci da tuwo ko waina, da cokali ake shan ta. Ki tsame attarugun, ki matsa ɗan lemun tsami, ki sa ɗan bota.

Da burodi ake sha tun da safe, kuma a Haiti sai an zuba a kwanuka an aika wa maƙwabta da dangi, don haka babbar tukunya za ki ɗora.