Yadda ake farfaɗo da rafin da ya mutu a wurin shaƙatawa

Jama'a in kuna da rafi a lambun shaƙatawa na unguwarku kuma ya koma kwata, kar ku fara da kwashe leda. Ku fara bin ruwan da ƙafa har inda yake fitowa, ku ga wane gida ne ko wace kwata ce ke zubo masa ruwan wanka da na masai, don in ba a toshe wannan ba wallahi duk gayyar da za ku yi aikin banza ne, sati biyu ya koma yadda yake. Wannan kuma sai da mai unguwa da hukumar tsaftar muhalli.

Bayan nan a yi gayya da rani lokacin da ruwa ya ja baya, da safar hannu da takalmin roba saboda fasassun kwalabe.

Abin da ya fi damuna shi ne siminti. Mu a ganinmu gyara shi ne a miƙar da rafi a shafe shi da kankare, alhali ruwan da aka miƙar gudu yake, ba kifi ba kwaɗo, in damina ta zo kuma ya je ya ci gidajen da ke ƙasa. A Singafo, a lambun Bishan, kogin Kallang a da magudanar kankare ne mai tsawon kilomita 2.7, sai hukumomin ƙasar suka fasa shi daga 2009 zuwa 2012 suka bar shi yana lanƙwasa, gaɓarsa suka kwantar da ita yadda in ruwa ya cika zai bazu kan ciyawa, har ɓaraguzan kankaren suka tara suka yi tudu da su. Daga baya har karnukan ruwa suka zo suka zauna a wurin.

To ku ma ku kwantar da gaɓa kar ta tsaya a tsaye kamar bango, ku jera duwatsu nan da can don ruwa ya rage gudu ya yi gurbi, ku dasa jema a baki a farkon damina, saiwarta tana nutsewa ƙasa sosai ta riƙe gaɓa, sai giyayya a bayanta don inuwa. Ciyawar kachalla kam ku cire ta tun tana ƙarama, mutanen Hadejia da Nguru sun san yadda take toshe hanyar ruwa.

Kar ku yi gaggawar zuba tarwada. Ku jira kukan kwaɗi da dare tukuna, sai ku ga zalɓe ya fara sauka da sassafe. Kuma a kafa allo a gaya wa yara su fita daga ruwan da zarar hadari ya haɗo.