Yadda Za A Taimaka Wa Matashi Ya Zaɓi Ɗaya Cikin Jami'o'i Biyu

Idan lokacin cike fom ɗin JAMB ya zo, gidaje da dama a Kano da Kaduna sukan tsinci kansu tsakanin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Bayero ta Kano. Uba yana son wadda ya yi, uwa tana son wadda ta fi kusa, shi kuwa yaron hankalinsa yana can inda abokansa suka nufa. Dukansu sunan jami'a ne suke dubawa, alhali yaro ba zai zauna a cikin jami'a baki ɗayanta ba, sashe guda zai zauna shekara huɗu ko biyar, ko shida idan likitanci ne. Saboda haka sashen da ke nan da wanda ke can su ne abin kwatantawa.

A fara da tabbatar da kwas ɗin da yaron yake so, sannan a binciki matsayinsa a kowace jami'a. Hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, tana tantance kwasa-kwasai ɗaya bayan ɗaya, kuma sakamakon yakan kasance cikakkiyar amincewa, ko ta wucin gadi, ko ƙin amincewa. Tsufan jami'a ba ya tsayawa a madadin wannan. An kafa ta Zariya a 1962, ta Kano ta zama cikakkiyar jami'a a 1977, amma kowacce tana da tsofaffin sassa da kuma sababbi waɗanda ba su gama zama da gindinsu ba. Kwasa-kwasan sana'a suna da ƙarin masu sa ido, kamar MDCN ga likitanci da COREN ga injiniyanci, kuma a likitanci da shari'a akwai adadin ɗaliban da aka yarje wa kowace jami'a ta ɗauka, wanda shi ne dalilin tsananin gasa a kansu.

Daga nan sai a dubi yiwuwar samun gurbin, domin nan ne buri yakan ci karo da gaskiya. Manyan jami'o'in tarayya galibi waɗanda suka sa su a zaɓin farko suke saurara, don haka rubuta ɗaya a farko da ɗaya a na biyu ba ya nufin an riƙe duka biyun. Ƙa'idar ɗaukar ɗalibai ta ware kashi 45 cikin ɗari ga cancanta, kashi 35 ga jihohin da ke yankin jami'ar, kashi 20 kuma ga jihohin da aka bari a baya a ilimin boko, saboda haka ya kamata a san inda jihar yaron ta faɗa a kowacce. A nemi makin da sashen ya tsaya a kai bara, ba mafi ƙarancin makin da jami'ar ta sanar ba, domin tazarar da ke tsakaninsu tana iya yin yawa ƙwarai. Idan sakamako ya fito kuma makin bai kai ba, JAMB tana ba da damar sauya jami'a ko kwas bayan an biya kuɗi, kuma yin hakan da wuri ya fi zaman jiran tsammani.

Maganar kuɗi a yi ta a gaban yaron, da biro da takarda. Kuɗin rajista shi ne ƙaramin ɓangare. Abin da ke cin aljihu shi ne masauki da abinci da kuɗin mota. Ɗan Kano da zai yi jeka-ka-dawo ya tsira daga haya, amma a lissafa abin hawa na kullum zuwa sabon mazaunin jami'ar a kan titin Gwarzo. Wanda zai tafi Zariya kuwa a tuna cewa ba kowa ke samun gado a ɗakunan kwanan ɗalibai ba, kuma dole a san harabar da zai zauna: yawancin tsangayoyi suna Samaru, shari'a tana Kongo, asibitin koyarwa kuma yana Shika. Lamunin ɗalibai na NELFUND da aka fara a 2024 yana rage nauyi, sai dai bashi ne. Yajin aikin malamai kuwa, irin na 2022 da ya ɗauki wata takwas, bai bambanta jami'o'in biyu ba, don haka kada a ɓata lokaci a kansa.

Bayan haka a je a gani da ido, tunda tafiyar ba ta wuce ta yini guda ba. A ranar karatu za a je, a leƙa ɗakin lacca a ga ko ɗalibai suna tsaye a bakin taga saboda rashin kujera, a duba ɗakin gwaje-gwaje, a kuma tari ɗalibin aji uku a tambaye shi yaushe sakamakon zangon da ya wuce ya fito. A bar yaron ya yi tambayoyin da bakinsa, babba ya tsaya daga gefe, domin a nan ake gane ko ya shirya zaman nesa da gida. Ga 'ya mace, a tabbatar da masauki da wanda zai riƙa duba ta kafin a yanke magana, amma nisa kaɗai bai isa hujjar raba ta da kwas ɗin da ta fi ƙwarewa a kai ba.

Iyaye suna da ikon cewa ga iyakar abin da aljihu zai ɗauka, kuma ya dace su faɗa tun da fari. Idan jami'o'in biyu duk sun shiga cikin wannan iyaka, a ce masa: "Ka rubuta dalilai uku na kowacce, ka yi istihara, ka kawo mana amsa ranar Juma'a." Dalilin da ya tsaya a kan aboki kawai a nuna masa rauninsa, sauran kuma a karɓa, a raka shi cibiyar rajista ya cike fom ɗin da lambar wayarsa da imel ɗinsa, domin ta nan saƙon gurbin zai iso.