Jigil a PUBG Mobile: kurakuran da ke sa kana rawa ana kashe ka

Shekaranjiya da dare ƙanina ya miƙo min wayarsa wai dan Allah yaya kalli yadda aka kashe ni a Pochinki, wani gari a cikin wasan, yana ta rantsuwa wai mutumin da ya kashe shi citin yake yi, wato maguɗi. Na kalli rikodin ɗin sau biyu. Cikin gida mai bene ne, shi da M416 ɗayan da UMP45, tsakaninsu bai fi taku shida ba, yaron nan ya dinga kai-komo hagu dama hagu dama kamar mai tankaɗen gari, wallahi in ka ga ƙafarsa sai ka ce gwani ne, amma harsashi 30 ɗin da ke cikin bindigar fiye da rabi a bango da ƙyauren ƙofa suka ƙare. Shi kuwa mutumin ɗan gocewa ɗaya ya yi ya tsuguna ya zuba masa a ƙirji shikenan. Na ce masa babu wani citin a nan, kai rawa ka je yi shi kuma faɗa ya zo.

Ga wanda bai sani ba, jigil shi ne ka riƙa ɗan matsawa hagu da dama da joyistik kana harbi a faɗan kusa, don saitin abokin faɗanka ya riƙa kuɓucewa daga jikinka, musamman kai. Abu ne mai amfani sosai, amma yawancinmu rabinsa muka koya.

Babban kuskuren, wanda ya fi duk sauran in an haɗa su, shi ne mutum ya manta cewa in jikinsa ya matsa hagu to ɗigon saitinsa ma ya bi shi hagu. Kai ka goce wa harsashinsa, eh, amma kai ma ka gocar da naka. Dole babban yatsan dama ya riƙa jan sikirin zuwa kishiyar inda na hagu ya tura ka, ka tafi hagu saiti ya dawo dama, ka dawo dama saiti ya koma hagu, kuma duk a lokaci guda kana danne bindigar ƙasa saboda tana tashi sama in ka riƙe wuta. Aiki uku kenan a hannu, shi ya sa masu wasa da yatsu biyu suke shan wahala, yatsa ɗaya shi ne harbi shi ne saiti shi ne tsuguno, ina zai kai. In za ka iya, mayar da maɓallin harbi sama ta hagu ka riƙa danna shi da manuniya, ka bar babban yatsan dama ya ji da saiti kawai. Sati na farko za ka ji kamar ba ka taɓa wasan ba, za a kashe ka har ka ji haushin kanka, ka daure. Masu jairo kuma, wato masu juya saiti da motsin wayar, sun huta da wani ɓangare, don karkata wayar kaɗan ya ishe su riƙe saitin. Gyaran dai ɗaya ne: shiga filin tirenin, tsaya gaban abin harbi kamar mita goma, ka yi ta jigil ba tare da ka harba ko ɗaya ba, idonka a kan ɗigon, ka ga ko zai zauna tsakanin ƙirji da wuya. Sai ya daina yawo tukunna ka fara sa wuta. Abin gundura ne na sani, minti goma kamar awa.

Sai masu gaggawa. Akwai waɗanda suke ganin saurin yatsa shi ne jigil, su yi ta karkaɗa joyistik fir-fir-fir, to ai mutumin naka na cikin wasan yana buƙatar ɗan lokaci kafin ya juya ya ɗauki hanya, in ka sauya masa kafin ya ɗaga ƙafa yana nan inda yake, kafaɗa kawai yake girgizawa. A wayarka kana ganin kana motsi, a wayar wancan kuwa mutum ne tsaye yana rawar ɗari. Bari ya yi taku ɗaya ko biyu na gaske kowane gefe. Kuma kar ka yi shi da kiɗa ɗaya kamar agogon bango, hagu ɗaya dama ɗaya, don wanda ya san wasa ba zai bi ka ba, zai ajiye saitinsa a tsakiya ne kai da kanka ka riƙa ratsawa ta cikin harsashi. Ja dogo zuwa hagu, gajere zuwa dama, ka sake hagun, wani lokacin ma ka yi kamar za ka dawo sai ka ci gaba.

Joyistik ɗin kansa ma yana da nasa laifin. In yatsanka ya ɗan zame sama maimakon gefe sai mutumin ya ɗauki gudu, kana tsakar faɗa ka tarar ka ruga cikin bakin bindigar mutum, ko ka danna harbi ya ɗan yi jinkiri kafin ya ɗaga bindigar. Duba girmansa da inda ka ajiye shi, ya zama daidai inda yatsanka ke sauka da kansa, kar wani maɓalli ya hau kansa. Kuma dan Allah a daina kwafo kod ɗin sansitibiti, wato saurin juyawar saiti, na wani da aka gani a YouTube yana wasa da iPad, sikirinsa ya ninka naka, firem ɗinsa, wato yawan hoton da na'urar ke nunawa a daƙiƙa, ba irin naka ba, hannunsa ba naka ba. Ni ma na yi wannan wautar, kusan wata guda kullum da sabon kod, ƙarshe hannuna bai saba da ko ɗaya ba. Zaɓi ɗaya ka riƙa gyara shi kaɗan-kaɗan.

Wani abin kuma buɗe sikof, madubin hangen da ke kan bindiga, a faɗan cikin ɗaki. Da ka buɗe, tafiyarka ta ragu, gefe da gefe ya rufe maka, jigil ɗin ya zama na hawainiya. In mutum yana kusa ka harba haka nan ba sikof, irin su UZI da Vector da UMP45 don wannan aka yi su, in ka samu leza kuma bindigar tana ɗaukarta ka ɗaura don tana tattara harsashin. Akasin haka kuma shi ne wanda zai hango mutum can gangaren dutse a taswirar Miramar ya buɗe sikof 4x ko 6x yana feshi yana kai-komo, haba malam, motsi yana watsa harsashi, a wannan nisan ko ɗaya ba zai same shi ba sai dai ka sanar da shi inda kake. Can wurin tsuguno ne a bayan dutse ko bishiya, ka leƙa ka harba ka koma.

Wannan ya kawo ni kan abin da ya fi ba ni haushi a sukwad ɗinmu, wato tawagar da muke wasa tare, mutum yana da bango mai kyau, a TPP, inda kyamara take bayanka, yana ganin abokin faɗa shi ba a ganinsa, sai ya fito fili wai zai nuna jigil. Don me? Jigil na lokacin da ba ka da mafaka ne ko kun yi kiciɓis ba shiri. Kuma da mutum ɗaya yake aiki, in biyu ne suka buɗe maka wuta daga kusurwa biyu duk inda ka goce wajen ɗayan ka tafi. Haka in ka ji ƙarar DBS ko S12K a saman bene, kar ka hau ka ce za ka yi masa rawa a mita uku, harsashin shotgan a baje yake fita, taku ɗayan da ka matsa bai fitar da kai ba. Ja baya, jefa gurneti, ka sa shi ya sauko inda tazara take taka.

Tsuguno da tsalle su ma ana haɗa su da jigil kuma suna da kyau in an yi su jefi-jefi. Amma ka tuna yawancin mutane ƙirji suke saitawa, in ka tsuguna ka kawo kanka daidai inda ƙirjin yake ɗazu, to in hular kanka lebul 1 ce ko ta riga ta fashe ka ga ka taimaka masa. Tsalle kuma da ka bar ƙasa shikenan ba ka da ikon sauya hanya sai ka dira, kowa ya san inda za ka sauka. Kwanciya ƙasa ana tsakar harbi tana ruɗa sabon shiga, amma in ba ka gama da shi nan take ba ka zama tabarma.

Akwai kuma wanda ba laifin hannunka ba ne. Wayar da ta yi zafi firem ɗinta sauka yake yi, sai ka ga hoton yana tsinkewa daidai lokacin da aka fara ruwan harsashi, kuma mu nan da zafin watan Afrilu ga shi mutum ya jona caji yana wasa saboda yanzu aka kawo wuta, wayar kamar dutsen guga. Mayar da girafik ɗinka Smooth ka zaɓi firem mafi yawa da wayar ta yarda da shi, cire kondon bayan, in da hali kar ka yi caji kana wasa. Zufa ma tana sa yatsa ya riƙa cijewa a sikirin, safar yatsa ba ta da tsada, wasu hoda suke shafawa. In kuma lambar netwok ɗin nan ta kusurwa ta yi sama ta koma ja, abin da kake gani ya riga ya wuce, za ka shige bayan bango a sikirinka amma a wajen wancan kana fili, ka faɗi kana mamaki. Ranar da netwok yake haka rage shiga faɗan gaba da gaba, bar masu kyan layi su shiga kai ka tsare musu baya.

Abin dariyar shi ne inda ya kamata a yi motsin ba a yi. Mutum zai kashe wani a fili ya tsaya ƙiƙam a kan akwatin yana zaɓen kaya kamar a kasuwa, yana tunanin ko ya ɗauki wannan sikof ɗin ko ya bari, sai ka ji tau, bindigar nesa Kar98k ta sauke shi, don hula lebul 2 ba ta tare ta, in AWM ce ma ko lebul 3 ba ta tsira. Kana kwasar kaya yatsan hagu ya ci gaba da aiki. A zon na ƙarshe kuma, lokacin da da'irar wasa ta tsuke, akasin haka, kowa yana kwance a ciyawa kai kana ta mutsu-mutsu, sawunka yana fitowa a taswirar na kusa da kai, ka tona wa kanka asiri ka tona wa sukwad.

Shi ƙanin nawa dai na sa shi mun shiga Warehouse, ƙaramin filin faɗan kusa, na ce kar ya damu da yawan kisa, UMP45 kawai ba sikof, duk wanda ya gani ya yi taku biyu gefe yana riƙe da saitin a wuya. Wasa uku na farko an yi masa kaca-kaca har yana cewa shi fa gara tsohon salonsa. A na biyar na ga ya fara jan dogon hagun nan yana dawowa gajere, ya sauke mutum biyu a jere a bayan kwantena, ya juyo zai yi min ihu na uku ya zo ta baya ya kwashe shi da shotgan.