Yadda ake shirin jarrabawar GMAT daga nan Abuja

In kana son yin MBA, wato digiri na biyu a harkar kasuwanci, a Amurka ko Ingila ko Kanada, makarantu da yawa sai sun ga makinka na GMAT tukuna. Abu na farko, kar ka sayi littafi ko ɗaya yanzu. Shiga mba.com ka yi rajista, akwai gwaji 2 kyauta, ka zauna ranar Asabar ka yi ɗaya da agogo a gabanka, waya a kashe. Makin da ya fito shi zai nuna maka inda rauninka yake.

Sai ka san tsarinta, domin an canza ta a 2023 kuma har yanzu wasu na yawo da tsofaffin littattafai. Kashi 3 ce, kowanne minti 45: lissafi tambaya 21, fahimtar Turanci 23, sai nazarin jadawali da alƙaluma 20. Maki daga 205 zuwa 805. Babu rubutun insha'i yanzu, kuma kalkuleta a kashi na ukun nan kawai ake ba ka, kashin lissafi kuwa da kanka za ka yi shi.

To ga inda mutanenmu ke faɗuwa, lokaci. Lissafin bai wuce na sakandare ba wallahi, amma minti 2 kake da shi a kowace tambaya, kuma kwamfutar in ka ci sai ta ƙaro mai wuya, in ka faɗi ta sassauta, don haka in ka ga tambaya ta ƙi ci ta ƙi cinyewa ka zaɓi amsa kawai ka wuce, ai ana barinka ka dawo ka gyara amsa 3 a kowane kashi. Barin tambaya babu amsa ya fi jawo asarar maki.

Ma'aikaci ya ware wata 3. Awa ɗaya bayan sallar asuba ta fi awa biyu da dare, wanda ya sha cunkoson Nyanya ko Kubwa ba abin da zai shiga kansa. Ka riƙe littafi ɗaya na tambayoyin da ka faɗi da dalilin faɗuwar, shi za ka riƙa bita duk Lahadi.

Ana iya rubutawa a gida ta intanet, amma ni dai cibiyar jarrabawa nake ba da shawara, NEPA ba ta da alƙawari. Sunan da ka yi rajista da shi ya zama daidai da na fasfo ɗinka, harafi da harafi. In makin bai yi ba, sai bayan kwana 16 za ka iya sakewa, kuma da sabon biya na dala.